Yadda Ake Zuwa Kallon Ƙananan Ƙungiyoyin Ƙwallo a Makka da Madina Ranar Wasa

A gidajen Hausawan Makka da Madina ƙwallo ba baƙuwa ba ce. Daren da Ittihad za ta kara da Hilal falo cika yake yi, a kawo fulas ɗin shayi, yara su rabu gida biyu, har maigidan da ya ce shi ba ruwansa sai a ji shi yana yi wa alƙalin wasa faɗa ta cikin talabijin. Amma ka tambayi mutanen falon nan wa ya taɓa taka filin ƙungiyar garin da yake zaune, sai a hau kallon-kallo. Kowa idonsa na kan Jidda da Riyad, inda tikitin babban wasa ke ƙarewa kafin ka gama shawara da aljihunka. Alhali ga ƙungiyoyi nan a bayan gida, waɗanda za ka je kallonsu da yaranka da kuɗi kaɗan, ka zauna dab da layi har kana jin abin da koci ke faɗa wa 'yan bayansa.

Zuwa irin wannan fili ba shi da wuya. Abin da ke kayar da mutane shi ne labarin ƙaramin wasa ba ya zuwa ya same ka a gida, kai za ka tashi ka neme shi. Ga yadda ake yi, daga zaɓen ƙungiya har komawa gida.

Da farko, wace ƙungiya za ka bi?

Ƙwallon Saudiyya hawa-hawa ce. A can sama akwai gasar Roshn mai ƙungiya 18, inda manyan taurarin suke. Ƙarƙashinta gasar Yelo, ita ce rukuni na ɗaya, ita ma ƙungiya 18 ne. Daga nan sai rukuni na biyu da na uku, inda ake kasa ƙungiyoyi kashi-kashi. Duk ƙarshen kaka wasu na hawa wasu na gangarowa, saboda haka kar ka riƙe abin da ka sani shekara biyu baya. Duba inda ƙungiyar take a bana.

Mutumin Makka ba sai ya yi nisa ba, Wahda ce tasa, masu ja da fari, waɗanda ake wa kirari da Fursan Makka. Wani zai ce ai Wahda ba ƙarama ba ce, kuma yana da hujja, don ita ta fara ɗaukar Kofin Sarki a 1957, ta sake ɗauka a 1966. Sai dai tarihi daban, aljihu daban. Ta sha hawa ta sha faɗowa, a 2025 ma ta gangaro daga Roshn, kuma ranar da ba babbar baƙuwa ta zo ba, za ka tarar da fili fayau. A wannan ƙungiya Usama Hausawi ya taso, ɗan Makka, wanda ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. A tawagar nan Hausawi uku ne: Usama, da Umar, da Mu'utaz, dukansu 'yan baya. Odion Ighalo na Najeriya ma ya sa rigar Wahda.

Madina kuwa biyu gare ta. Akwai Uhud, wadda aka kafa a 1936, magoya bayanta na kiranta Jabal, ga kuma Ansar ta 1953. Daga Uhud Hamza Idris Fallata ya fito kafin ya koma Ittihad, inda ya zura ƙwallo 33 a kakar 1999 zuwa 2000. Wannan adadi ya yi shekara 19 ba wanda ya wuce shi, sai a 2019 Abdurrazak Hamdallah na Nasr ya ci 34, a kakar da Ahmed Musa yake tare da shi suka ɗauki kofi. Rida Tukar ma ɗan Uhud ne. Na jero sunayen nan ne don ka san cewa in ka je ƙaramin fili ba bare kake ba. Irin waɗannan filaye su suka reni yaran unguwanninmu, kuma har gobe in ka duba sunayen 'yan wasa da wuya ka rasa Hausawi ko Fallata ko Barnawi a ciki.

Wanda ke son ya haɗa kallo da shan iska, akwai Wajj a Ɗa'ifa da Intisar a Rabig. Shawarata dai ka fara da ta garinku.

Rana, lokaci, da fili: tabbatar da ukun nan

Nan ne ake yawan yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Nemi shafin ƙungiyar na hakika a X, shi ne dandalin da ƙungiyoyin Saudiyya suka fi sanarwa a kai, Instagram na bin baya. Da Larabci za ka rubuta sunan, in ba haka ba sai ka faɗa shafin da aka daina amfani da shi ko na wani mai goyon baya. Kwana ɗaya ko biyu kafin wasa sukan sa hoto mai ɗauke da sunan abokiyar karawa, da rana, da sa'a, da sunan fili. Wannan hoton shi ne abin riƙonka. Manhajojin sakamakon wasa suna da kyau a kan manyan gasa, amma a rukuni na biyu da na uku sukan makara wajen gyara in an sauya wani abu. Ka duba da daddare, ka sake dubawa da safiyar ranar.

Lokacin wasa yana bin yanayi da salla. Kaka na farawa wajen Agusta ko Satumba ta ƙare wajen Mayu. Lokacin zafi da dare ake bugawa, bayan magariba ko bayan isha'i. In sanyi ya shigo, ƙananan rukunai sukan buga da yamma, bayan la'asar, a tashi dab da magariba. Cikin azumi kuwa sai an sauko daga tarawihi, wajen ƙarfe goma na dare. Kar kuma ka ɗauka duk wasa Juma'a ko Asabar yake faɗowa don su ne ranakun hutu. Ana sa wasannin ƙananan rukunai a tsakiyar mako ma, wanda ke aiki ƙarƙashin wani sai ya nemi izini da wuri.

Sai batun fili. Wahda na wasa a filin Sarki Abdul'aziz da ke Shara'i, gabas da Makka, ta hanyar Sail mai zuwa Ɗa'ifa. A nan ne Ronaldo ya zura ƙwallo huɗu rigis a ragar Wahda a Fabrairun 2023, in kana son abin tsokanar abokinka ɗan Wahda. A Madina babban filin shi ne na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. To amma ƙungiyoyi da yawa suna da nasu ɗan fili a harabar kulob, kuma ƙaramin wasa kan koma can, ko a kai shi wani gari in ana gyara. Na san maƙwabcin da ya cika mota da yara, da tuta da ganga, ya isa babban fili ya tarar da ƙofa a garƙame, ashe wasan na can ɗaya gefen garin. Kafin ya zagayo an tafi hutun rabin lokaci.

Abu na ƙarshe a nan: karanta sanarwar har ƙasa. Wani lokaci hukumar ƙwallo kan hukunta ƙungiya da buga wasa ba 'yan kallo. In ka ga haka, ka sha shayinka a gida.

Tikiti

Manyan wasanni ta intanet ake saye, galibi ta manhajar webook, tikitin ya zauna a wayarka. Ƙananan ƙungiyoyi ma da dama sun bi wannan hanya, sukan liƙa adireshin saye a ƙarƙashin sanarwar wasan. Kujerun gama-gari, waɗanda ake rubutawa muwahhada, su ne masu araha, kuma su nake ba ka shawara. Manassa, inda shugabannin kulob da baƙinsu ke zama, ta fi tsada ta fi inuwa, amma ba daɗin hayaniya.

A rukunan ƙasa sau da yawa shiga kyauta ce, wani lokaci kuma wani mai hannu da shuni cikin masoya ƙungiyar ya saye tikiti ya ce a raba wa jama'a. Sai dai kyauta ba ta nufin ka taho hannu rabbana. Akan ce kyauta ne amma sai ka yi rajista ta intanet an ba ka lambar da za a duba a ƙofa. Yi wa kowane yaro tasa. Ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a waya, saboda bakin fili in mutane sun taru intanet kan yi nauyi. Wanda ya tare ka a wajen ajiye motoci yana tallar tikiti, wuce shi. A wasan da rabin kujeru ba kowa, ba dalilin sayen na bayan fage.

Abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari

Iƙamarka, wato katin izinin zama a ƙasar, ita ce ta farko. Ko kana da ita a manhajar Absher ko Tawakkalna, katin kansa ba ya nauyi. Baƙon da ya zo Umara ko ziyara ya riƙe shaidar fasfo da bizarsa. Zan faɗi wata magana a fili, don mun san juna: filin wasa wuri ne na jami'an tsaro tun daga titi har cikin kujeru. Wanda takardunsa ba su cika ba, kallon ƙwallo bai kai ya jefa kansa cikin matsala ba.

Caja wayarka ta cika, don ita ce tikitinka, ita ce kuma motarka ta komawa. Riƙe katin banki na mada da 'yan canji na riyal, mai sayar da ruwa ba kullum na'urarsa ke aiki ba. Ɗauki ƙaramar sallaya da 'yar takardar goge hannu, kujerun da ba a cika zama a kai ba ƙura ce fal, farar jallabiya kuwa ba ta yafiya. In watan Disamba ne ko Janairu kuma a Madina kake ko Ɗa'ifa, tafi da rigar sanyi ko da ka fito gida kana gumi, domin da rana ta faɗi iskar fili ratsa ƙashi take yi. Yara a sa musu hula da safa.

Abin da za a karɓe a ƙofa: kwalba, gwangwani, duk wani abu mai kaifi, abin wasan wuta, da 'yar fitilar nan mai jan haske ko kore da ake haska idon gola da ita. Robar ruwa ma yawanci ba ta wucewa. Babbar jaka jinkiri kawai za ta jawo maka. Tufa kuwa, jallabiya ko wando da riga duk daidai ne, amma ban da mai rubutun siyasa ko hoton da bai dace ba. Ka kuma san launin baƙi. Shiga tsakiyar masu gida da rigar abokan hamayya ba zai sa a taɓa ka ba, amma za ka sha tsiya har a tashi.

Hanya

Ka yi niyyar isa awa guda kafin a take ƙwallo. Da wasan cunkoso ne da na ce biyu.

Mai motar kansa ya huta, ƙaramin wasa ba a rasa wurin ajiyewa. Ajiye ta kusa da mafita, goshinta na kallon titi, ka kuma kula da kyamarorin Sahir masu kama gudu a kan hanya, kar murnar cin wasa ta zo maka da tara. Wanda ba shi da mota sai Uber ko Careem ko tasi, amma a nan akwai tarko. Sunan filin Madina iri ɗaya ne da na filin jirgin saman garin, duka Yarima Muhammad bin Abdul'aziz ne, kuma in ka yi gaggawar dannawa manhaja za ta miƙa ka inda jirage ke sauka. Haka sunan Sarki Abdul'aziz, yana kan filin jirgin Jidda, yana kan jami'a, yana kan tituna. Kalli taswirar da idonka ka ga zanen filin ƙwallo kafin ka kira mota. Direban Makka kuwa ka ce masa mal'ab Shara'i, ya gane.

Mai tasowa daga wani gari yana da jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka da Jidda da Madina a tafiyar kilomita 450, kusan awa biyu da rabi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tashar Makka tana Rusaifa, ta Jidda tana Sulaimaniyya. Yanki tikitin dawowa tun da wuri, ka lissafa lokacin tashi daga wasa da na isa tasha, in kuwa wasan dare ne gara ka shirya kwana wurin 'yan'uwa. Ka tuna kuma in aikin Hajji ya gabato akan hana shiga Makka ga wanda ba iƙamar Makka gare shi ba kuma ba shi da izini. A 'yan shekarun nan lokacin ya faɗo daidai ƙarshen kakar wasa, saboda haka mutumin Jidda ya bincika kafin a juyo da shi daga shingen bincike na Shumaisi.

Bakin ƙofa

A ƙaramin wasa ba duk ƙofofi ake buɗewa ba, wataƙila biyu ko uku. Bi inda masu launin gida suka nufa, ko ka yi wa jami'i sallama ka nuna masa wayarka, zai nuna maka. Ɓangaren baƙi daban yake, da ƙofarsa. Za a duba tikiti, a shafa jikinka, a leƙa jaka. Mata jami'ai mata ne ke duba su. Ba wurin musu ba ne, in an ce abu ba ya shiga, mayar da shi mota ko ka haƙura da shi.

Tun Janairun 2018 mata ke shiga filayen ƙwallo a Saudiyya, wasan farko a Jidda aka yi, tsakanin Ahli da Baɗin. Don haka uwargida da 'yan mata za su iya zuwa. Tambayi ɓangaren iyali, ya fi natsuwa, banɗakin mata ma ya fi kusa. Idan ɗan filin kulob ne, gara ka fara zuwa kai kaɗai ka ga yadda wurin yake kafin ka kwaso gida.

Kafin ku zauna, tsaya da yara ka nuna musu lambar ƙofar da kuka shigo, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa wa ƙaramin a aljihu. Ce masa, "In ba ka gan ni ba, kar ka fita waje, je wurin mai kaki ka ba shi wannan."

Wurin zama

Ko da tikiti na da lamba, in fili ba kowa mutane zama suke inda suka ga dama. Idan mai lambar ya zo, tashi ka ba shi ba gardama. Wasan la'asar ka duba inda rana take ka ba ta baya, in ba haka ba rabin lokaci na farko hannu a goshi za ka yi shi.

Zaɓi biyu ne a gabanka, kuma kowanne da irin daɗinsa. Na farko kusa da rabiɗa, wato ƙungiyar magoya baya masu ganga. Ba za ka ɓata wajen gano su ba. Akwai mutum guda da zai hau kan kujera ko ƙarfen gaba, lasifika a hannu, ya juya wa fili baya. Shi bai zo kallo ba. Sai ya ɗaga hannu, masu ganga su tsaya cak, ya jefo baiti ɗaya da muryar da ta riga ta dushe, jama'a su amsa, sannan ganguna su faɗo gaba ɗaya, tafi na bin su bibbiyu. Kiɗan Hijaz ne, ɗan'uwan na mizmar da ake yi a bukukuwan unguwa, kuma ƙafar Bahaushe ba ta buƙatar a koya mata shi. In ƙwallo ta shiga, mai lasifikar a fuskokin mutane yake ganewa, sai daga baya ya waiga. Wanda ya taɓa zama cikin 'yan Sai Masu Gida a Ƙofar Mata zai ji kamar ya san wurin, illa dai nan mutum ɗari biyu ne ke ƙoƙarin yin ƙarar dubu goma. Ba sai ka iya baitocin ba, amshin gajere ne, kafin a je hutu ka haddace. Sai dai a nan ba a zama, kuma jariri ba zai ji daɗi ba.

Na biyu, can gefe wajen tsakiyar fili, inda dattawa suke. Ni nan na fi so. Za ka ga tsoho da carbi a hannu ɗaya, ƙullin fusfus, wato gasassun ƙwayoyi, a ɗaya, yana ɓarewa da haƙori yana tara ɓawon a leda. Ya san kowane ɗan wasa da unguwarsu. In ka ji ya saki Hausa cikin Larabcinsa, matsa ka gaishe shi.

"Baba, sannu da hutawa. Yaya ƙungiyar tamu bana?"

"Kai dai bari, ɗana. Gaba ba laifi, bayan ne ƙofa a buɗe. Zauna ka gani da idonka."

Daga nan ka samu malami kyauta. Zai gaya maka wane yaro ne aka ɗauko daga matasa, wane ne aro daga babbar ƙungiya, wa kuma ya tsufa ya dawo gida ya ƙarasa. A irin wannan wuri kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo, kana jin gola na yi wa 'yan bayansa tsawa, kana ganin ɗan benci na ɗumama jiki yana satar kallon koci ko zai kira shi. Wasan kansa kar ka sa ran irin na talabijin. Za a yi dogayen bugu, za a ɓarar da ƙwallon da kai ma kana ganin za ka ci. Amma mai buga ta albashinsa da makomarsa yake karewa, kuma daga inda kake za ka ga hakan a fuskarsa.

Salla da hutun rabin lokaci

Shigo da alwalarka. Filaye suna da wurin salla, amma minti 15 ne hutun, kuma kowa famfo ɗaya yake nufa. In lokacin salla ya faɗo cikin wasa za ka ga ana yin jam'i rukuni-rukuni a barandar bayan kujeru, ana idarwa wasu su tayar. Nan sallayarka za ta yi rana. Wanda ke da yara ya tashi da su minti biyu kafin a busa, su riga layin banɗaki.

Abinci a ciki ba wani abin kirki ba ne, ruwa ne da lemo da ɗan abin taɓawa, a ɗan filin kulob ma wataƙila ba ko ɗaya. Ku ci daga gida. Ruwa dai ku sha sosai ko da dare ne, zafin Makka ba ya tafiya da faɗuwar rana.

Baki da waya

Yi ihu, yi tafi, ce wa alƙali bai gani ba. Iyakarta ke nan. Zagin iyaye, jifa da roba, tsallaka shinge zuwa cikin fili, duk abubuwa ne da ake kama mutum a kai, ƙungiya kuma a ci ta tara, ga kyamarori ko'ina. Ga baƙo mai iƙama abin ya fi muni, don ƙaramar magana na iya taɓa zamansa a ƙasar. Siyasa da bambancin aƙida kuwa ko kusa. A 2024 an kama wasu magoya bayan wata ƙungiya a gabashin ƙasar saboda waƙoƙin da hukuma ta ɗauka na ɓangarancin addini ne, har ta kai su ga ɗauri. In aka ɗauko waƙar da ba ka fahimci abin da take cewa ba, tafa hannu kawai ko ka yi shiru.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma yana faruwa: wani mara tarbiyya ya jefi baƙin ɗan wasa, ko kai kanka, da kalmar wulaƙanci saboda launi. Ba kullum ba ne, kuma sau da yawa na kusa da shi ne za su fara tsawata masa. Kar ka rama da hannu, kar ka rama da baki. Kira jami'in da ke tsaye a matakala ka nuna masa mutumin, laifi ne da ake hukunci a kai. In yaranka sun ji, kar ka yi kamar ba a yi ba, ku yi maganar a mota.

Hoto kuma, ɗauki fili, ɗauki kanka da yaranka. Kar ka juya kyamara kan iyalin wani, musamman mata. Ɗaukar mutum hoto ba izininsa laifi ne a dokar ƙasar, sa shi a TikTok kuma ya ƙara masa nauyi.

Bayan an tashi

Kar ka yi saurin fita. Ƙaramin wasa ba cunkoson da za ka guje wa, kuma in an ci, 'yan wasa kan zo gaban rabiɗa su tafa musu, wani ma ya cire riga ya jefo. Yaron da ke son hoto da ɗan wasa, a nan yake da dama, ta bakin shinge ko wajen da motar ƙungiya ke tsayawa, in jami'ai sun bari. Ya yi sallama, ya roƙa da ladabi, in an ce a'a ya haƙura. Ranar da aka sha kashi kuwa a ƙyale su.

Tattara ɓawon fusfus ɗinku da robobi ku zuba a kwandon shara. Mai jiran motar haya ya ɗan taka zuwa babban titi kafin ya kira, direbobi ba sa son shiga harabar fili, wurin kuma kan mutu da wuri da zarar an kashe fitilu. In wani abu ya faru na gaggawa, 911 ake kira a yankin Makka, motar asibiti kuma 997.

Mutanen Makka daga nan sai wurin mai siriya, wato tsire, a ci nama da ƙuli da albasa ana maimaita yadda aka ɓarar da fenareti. Kafin ku rabu da 'yan rabiɗa, karɓi lambar ɗaya daga cikinsu, ka roƙa a sa ka a zaurensu na WhatsApp. Can ake fara jin in an ɗage wasa ko an sauya fili, can ake sanar da tikitin kyauta, can kuma ake rubuta sunayen masu bin bas in ƙungiya za ta buga a waje. Kujerun bas ɗin kaɗan ne, wanda ya riga rubuta suna shi ke samu.